Hakone ko Kusatsu: Ina Ya Fi Dacewa Baƙo Ya Je Wankan Ruwan Zafi a Japan?

Duk wanda ya je Tokyo, ya kuma ware kwana biyu ko uku don ya fita ya sha iskar tsaunuka, sunaye biyu zai fi ji a bakin masu ba shi shawara: Hakone da Kusatsu. Dukkansu a kan duwatsu masu aman wuta suke, dukkansu kuma sun yi suna ne saboda ruwan zafin da ke ɓuɓɓugowa daga ƙasa, wanda Japanawa ke kira onsen. A hoto sai ka ce wuri ɗaya ne: tururi na tashi, bishiyoyi a gefe, mutane sanye da doguwar rigar auduga suna tafe a hankali. Amma wanda ya zaɓa da ka, bai bincika ba, yana iya komowa yana cizon yatsa. A Hakone yawo ake zuwa yi, wanka ya biyo baya da yamma. A Kusatsu wankan shi ne dalilin zuwan, sauran abubuwa duk rakiya suka yo.

Mu fara da hanya, don ita ce ke yanke wa yawancin mutane hukunci tun kafin su yi tunanin wani abu. Hakone tana jihar Kanagawa, kudu maso yamma da Tokyo. Daga tashar Shinjuku da ke Tokyo akwai jirgin ƙasa na kamfanin Odakyu da ake kira Romancecar, wanda zai sauke ka a Hakone-Yumoto cikin kamar awa ɗaya da rabi, ba tare da canjin jirgi ba. In kuma jirgin nan mai gudun tsiya na Shinkansen ka hau daga tashar Tokyo, minti 35 ko kusa da haka kana Odawara, daga nan ɗan ƙaramin jirgi ya ƙarasa da kai cikin kwata. Odawara kuwa a kan layin da ke zuwa Kyoto da Osaka take. Ke nan mai niyyar zuwa Kyoto bai yi asarar komai ba in ya yada zango a Hakone, ratse ne kawai.

Kusatsu ba haka take ba. Tana jihar Gunma, arewa maso yamma da Tokyo, a tsayin kusan mita 1,200, kuma jirgin ƙasa ba ya shiga garin. Daga tashar Ueno da ke Tokyo za ka yi kamar awa biyu da rabi zuwa Naganohara-Kusatsuguchi, sannan ka hau bas na minti 25 yana hawan dutse. Akwai bas kai tsaye daga Shinjuku, amma shi awa huɗu ne in hanya ta yi kyau. Daga Kusatsu kuma babu wani babban birni da za ka ce ka wuce gaba zuwa gare shi cikin sauƙi. Yawanci ta inda aka hau ta nan ake sauka. Zuwa da komowa sun cinye maka kusan wuni guda. A kula da wani abu: akwai wani Kusatsu daban a jihar Shiga, kusa da Kyoto, wanda babu ruwansa da wannan. In za ka nema a taswirar waya, rubuta Kusatsu Onsen cikakke.

Abin da ido zai gani

Hakone ba gari ɗaya ba ne, ƙauyuka ne warwatse cikin wani tsohon kwarin dutse mai aman wuta, kuma an tsara zagayensu yadda abin hawan ma kansa abin kallo ne. Daga Hakone-Yumoto, wadda ba ta wuce mita 100 daga matakin teku ba, jirgin hawan dutse zai ɗauke ka zuwa Gora, sama da mita 500. Tun 1919 layin ke aiki. Hawan ya yi tsaye ƙwarai, don haka sau uku jirgin ke tsayawa ya koma da baya a kan wani reshen, direba da kwandasta su sauko su yi musayar wuri. A watan Yuni da farkon Yuli furanni shuɗɗa da ake kira ajisai suna cika gefen layin har suna kusan shafar taga. Daga Gora sai wani jirgin da igiyar ƙarfe ke ja zuwa Sounzan, daga nan kuma sai akwatunan da ke rataye a igiya su haye da kai ta saman Owakudani.

Nan ne wurin da kowa ke tunawa. Akwatin na haye gangaren, sai ƙasa ta buɗe a ƙarƙashinka: kwari ne ƙonanne, babu ciyawa, duwatsun sun yi rawaya da farar wuta, hayaƙi na fita ta ko'ina. Aman wutar da aka yi shekara kusan 3,000 da suka wuce shi ya bar wurin haka, kuma har yau bai huce ba. A 2015 an yi ɗan ƙaramin aman wuta aka rufe wurin na tsawon lokaci, a 2019 ma an sake rufewa na wasu watanni. A sama ana sayar da ƙwai da aka dafa a ruwan, ɓawonsa ya koma baƙi ƙirin. Mutanen wurin na cewa ƙwai ɗaya na ƙara wa mutum shekara bakwai. Tsawon rai dai na Allah ne, amma ƙwan yana da daɗi da ɗan gishiri, kuma yana cikin 'yan abubuwan da Musulmi zai ci a can ba tare da ya tambayi abin da aka zuba ba. Masu asma da ciwon zuciya kuwa, hukumar wurin da kanta tana gargaɗinsu game da hayaƙin, kuma in hayaƙin ya yi yawa ana tsayar da akwatunan.

Daga Owakudani sai a gangara zuwa tafkin Ashi, a shiga jirgin ruwan da aka yi wa ado irin na 'yan fashin teku na zamanin da. Adon ya yi yawa, ban kuma ga alaƙarsa da wurin ba, amma yara na sonsa. A ɗaya gefen tafkin akwai wurin bautar Shinto, addinin gargajiyar Japan, da aka kafa a shekarar 757, da jar ƙofarsa da ke tsaye cikin ruwa, wadda mutane ke bin dogon layi don ɗaukar hoto a gabanta. Abin da ya fi wannan jan hankalin mai son tarihi shi ne shingen binciken da gwamnatin Tokugawa ta kafa a 1619 a kan hanyar Tokaido, wadda ta haɗa Edo, wato Tokyo ta yau, da Kyoto. Gwamnatin kan tilasta wa sarakunan larduna su bar matansu a Edo a matsayin garkuwa, shi ya sa babban aikin masu gadin shingen shi ne bincikar matan da ke fita, kada wata matar sarki ta sulale gida. An rushe tsarin a 1869, aka sake gina shingen yadda yake a 2007. Kusa da shi akwai layin manyan bishiyoyin da aka dasa shekara kusan 400 don matafiya su sami inuwa, da ragowar tsohuwar hanyar da aka shimfiɗa da duwatsu. Mai ƙarfin ƙafa zai iya bin ta har wata tsohuwar rumfar shayi mai jinkar ciyawa, Amazake-chaya, inda ake sayar da wani kunun shinkafa mai zaƙi wanda su a nan ba sa sa masa giya.

Ga kuma gidajen tarihi da zane-zane, waɗanda su ne mafaka ranar da aka tashi da ruwan sama. Wanda ya fi shahara shi ne na filin Allah da aka buɗe a 1969, mai ɗauke da gumakan zamani a kan ciyawa da wani gini na ayyukan shahararren mai zane Picasso.

Kusatsu fa? Gari ne ɗaya dunƙule, mazaunansa ba su wuce dubu shida da wani abu ba, za ka iya ratsa shi da ƙafa cikin rabin awa. Tsakiyarsa ita ce Yubatake, ma'ana gonar ruwan zafi. Ruwa kusan lita 4,000 ke fitowa nan a kowane minti, a bi da shi ta cikin dogayen kwararon katako guda bakwai don ya sha iska, sannan ya zubo ƙasa cikin wani kore shar ɗin tafki, daga nan a rarraba shi zuwa masaukai. Warin farar wuta, mai kama da ruɓaɓɓen ƙwai, zai tarbe ka tun daga tashar bas. Da dare ana haska wurin, tururi ya turnuƙe, baƙi su fito daga masaukai cikin rigar auduga da takalman katako suna zagayawa. Wannan zagayen daren Hakone ba ta da irinsa, don can da ƙarfe biyar ta yi shaguna sun fara rufewa, kowa ya shige masaukinsa.

Bayan Yubatake akwai filin Sainokawara, inda ruwan zafi ke fitowa tsakanin duwatsu yana malala kamar rafi. Akwai filin wasan zamiya a kan dusar ƙanƙara da hunturu. Akwai kuma hanya mai lamba 292 da ke hawa ta gefen dutsen Kusatsu-Shirane har mashigar Shibu, mita 2,172, wuri mafi tsayi da babbar hanyar ƙasa ta kai a duk Japan. Sai dai ana rufe ta daga tsakiyar Nuwamba zuwa ƙarshen Afrilu, kuma dutsen ba abin wasa ba ne: a Janairun 2018 ya yi aman bazata, mutum ɗaya ya rasu, wasu suka ji rauni, har yanzu kuma ana yawan hana kusantar bakin ramin. Iyakar abin ke nan. Wanda ba ya son wanka, wuni ɗaya ya ishe shi ya gama da Kusatsu.

Dutsen Fuji, mai tsayin mita 3,776, daga Hakone ake ganinsa, ba a ganinsa daga garin Kusatsu. Amma kada kowa ya yi maka alkawari. Daga Yuni zuwa Satumba gajimare ya fi yawan rufe shi, sai ka wuni a bakin tafki ba ka ga ko alamarsa ba. Disamba zuwa Fabrairu, da sassafe, shi ne lokacin da aka fi dacewa. In kuwa Fuji ne kaɗai abin da ya kawo ka, to ka bar waɗannan biyun ka tafi tafkin Kawaguchi, kamar awa biyu a bas daga Shinjuku, inda dutsen ke tsaye gabanka ƙato.

Ruwan kansa

Dokar Japan ta 1948 ta ce ruwa ya zama onsen in zafinsa a wurin fitowa ya kai digiri 25, ko kuma yana ɗauke da wasu ma'adanai da ta lissafa. Saboda haka sunan kaɗai ba ya nuna ƙarfin ruwa. Wanda ya taɓa shiga Wikki a Yankari, mai zafin digiri 31, ya san ruwan ɗumi mai daɗin iyo. Wannan ba shi ba ne. Kwamin wanka a Japan digiri 40 zuwa 42 ne, a Kusatsu kuma wasu sun wuce haka nesa. Ba a iyo, zama ake yi shiru.

Ta fuskar ruwa, Kusatsu ta yi wa Hakone fintinkau. Sama da lita 32,000 ke fitowa da kansu a kowane minti ba tare da injin tuƙa ba, babu garin da ya kai haka a ƙasar. Yawan nan ne ya sa mafi yawan wuraren wanka ba sa tace ruwa su maimaita shi. Sabo na shigowa, tsoho na malala waje. Ruwan yana da tsami mai ƙarfi, a ma'aunin tsami na pH kusan 2 ne, kuma mutanen garin na nuna wa baƙi yadda yake cinye ƙusa cikin 'yan kwanaki. Tsamin ya kai a da kifi ba ya rayuwa a kogunan da ke ƙasa da garin, ƙarfe da siminti ma lalacewa suke yi, har sai da gwamnati ta kafa wata masana'anta a 1964 da ke zuba farar ƙasa cikin rafin dare da rana don ta kashe kaifinsa.

Da yake ruwan na fitowa da zafin digiri 50 zuwa sama da 90, kuma ba sa son su surka shi da ruwan sanyi ya rage ƙarfi, sai suka ƙirƙiro yumomi: a jeru a bakin kwami da dogayen alluna na kusan mita biyu, ana motsa ruwan ana waƙa har ya huce. Yanzu ana nuna wannan sau da yawa a rana a wani gini da ake kira Netsunoyu, gefen Yubatake, a kujera kake kallo da kayanka a jiki. Tun can da, masu ciwon fata ke tururuwa zuwa garin. Wani likita Bajamushe, Erwin von Bälz, ya zo a 1878 ya yaba ruwan har sunan garin ya kai Turai. Kutare ma sun yi unguwa guda a gefen garin suna neman sauƙi, wata 'yar mishan daga Ingila, Mary Cornwall Legh, ta zauna cikinsu daga 1916 tana kula da su, kafin gwamnati ta buɗe musu asibiti a 1932. Mutanen garin kan ce ruwansu na maganin komai in ban da ciwon so. Kirari ne, ba takardar likita ba.

Wannan ƙarfin yana da farashinsa. Mai ƙaramin rauni ko wanda ya yi aski da safe zai ji raɗaɗi. In ya shiga ido, sai hawaye. Zoben azurfa baƙi zai koma, a cire shi tun a ɗaki. Mai fata mai laushi ya ɗauraye da ruwan famfo bayan ya fito, kuma minti uku zuwa biyar sun isa a shiga ɗaya. Mai hawan jini, mai ciwon zuciya da mai juna biyu su tambayi likita kafin tafiya, a kowane ɗayan garuruwan biyu.

Ruwan Hakone iri-iri ne. A zamanin Edo, wato lokacin mulkin Tokugawa, wurare bakwai ake lissafawa, yanzu 17. Na Yumoto garau yake, mai laushi, ba ya da wari sosai, ya dace da yara da tsofaffi. A Gora da Sengokuhara akwai masaukai masu farin ruwa kamar madara, wanda ake janyowa ta bututu daga Owakudani. Amma saboda bambancin, dole ka karanta bayanin masaukin da kyau. Wani yana da ruwa mai kyau, wani tace shi yake yi yana maimaitawa, wani ma kwamin da ke cikin ɗakin ruwan famfo ne aka dafa. A tambaya kai tsaye: ruwan ɗakin onsen ne ko kuwa?

Maganar tsiraici

Ga Musulmi, nan ne zancen yake, kuma yawancin masu tallar yawon buɗe ido ba sa tsayawa a kai. A wurin wankan jama'a na Japan tsirara ake shiga. Maza daban, mata daban, labule shuɗi na maza, ja na mata, amma a ciki babu wando, babu ɗaurin ƙirji. Ana ba ka ɗan ƙaramin tawul, shi ma ba a yarda ya taɓa ruwa ba. Sai ka zauna a 'yar kujera ka wanke jikinka tas da sabulu, sannan ka shiga kwami tare da kowa. Su a wurinsu tsabta ce da ladabi, babu mai kallon wani. Mu kuwa al'aura al'aura ce ko tsakanin namiji da namiji. Kada ka ce za ka shiga da gajeren wando ka yi kamar ba ka sani ba; za a fitar da kai, kuma kai ne mara gaskiya.

Mafita uku ce. Ta farko ita ce kashikiri, wato ɗakin wanka da ake ba ka kai kaɗai ko kai da iyalinka na minti 45 zuwa awa ɗaya, ka kulle ƙofa. Wasu masaukan kyauta suke bayarwa ga wanda ya kwana, wasu sai an ƙara 'yan dubban yen, kuɗin Japan. Ta biyu, ɗakin kwana mai kwaminsa a baranda, wanda ya fi kowanne sauƙin rai, ya kuma fi tsada. Ta uku, kwamin tsoma ƙafa da ake kira ashiyu, wanda naɗe wando kawai ake yi.

A nan Hakone ta fi. Da yake ta daɗe tana karɓar ma'aurata daga Tokyo da baƙi daga waje, tun lokacin da aka buɗe otal ɗin Fujiya a 1878, masaukai masu kwami a ɗaki suna da yawa ƙwarai. Akwai kuma wurare irin su Hakone Yuryo, kusa da tashar Yumoto, da ke ba da hayar ɗakin wanka na keɓe ga wanda ba zai kwana ba, sai dai a kama wuri tun da wuri. Za a ba ka shawarar Yunessun, wani wurin wasan ruwan zafi a Hakone, wai ana shiga da kayan iyo. Gaskiya ne, amma maza da mata a haɗe suke, kuma cikin kwamaman har da wanda ake zuba wa giya don nishaɗi. Mai gudun tsiraici bai tsira a can ba.

A Kusatsu, abubuwan da garin ya fi alfahari da su duk na jama'a ne: babban kwamin fili na Sainokawara mai faɗin murabba'in mita 500, da Otakinoyu inda ake bin kwamai daga mai ɗumi zuwa mai ƙuna, da ƙananan ɗakunan wankan unguwa na kyauta, waɗanda uku daga cikinsu aka buɗe wa baƙi. Wanda ba zai tuɓe a gaban mutane ba ya rasa kusan waɗannan duka. Abin da ya rage masa shi ne kashikiri, yawanci a masaukinsa, da ashiyu a gefen Yubatake. Ruwan dai shi ne, ƙarfinsa bai ragu ba don an kulle ƙofa, amma sai ka tabbatar masaukin na da shi kafin ka biya. Mata su lura da lalle: wurare da yawa ba sa karɓar mai zanen jiki na dindindin, kuma mai tsaron ƙofa na iya ɗaukar baƙin lalle a matsayin hakan. A ɗakin keɓe babu wannan fargabar.

Abinci da sallah

Masaukin gargajiya, ryokan, da kai ake lissafinsa ba da ɗaki ba, kuma kuɗin ya haɗa da abincin dare da na safe. Ana karɓar baƙi daga ƙarfe uku, a kawo abinci wajen shida, a shimfiɗa maka katifa a kan tabarma, a sallame ka da goma na safe. Abincin daren kwanuka ne ƙanana barkatai, kuma matsalar ba naman alade kaɗai ba ce, wanda jihar Gunma ta yi suna da kiwonsa. Giyar shinkafa da wani ruwan zaƙi da ake kira mirin, shi ma mai giya, suna shiga miya da romo da yawa, har da ruwan da ake tsoma taliyar soba. Ka rubuta wa masaukin kwanaki kafin zuwa cewa kifi da ganye kake so, ban da alade, ban da giya. Wasu za su yarda, wasu za su ce ba za su iya ba, kuma sun fi son su faɗa maka gaskiya da su yi maka alkawarin ƙarya. In sun ƙi, karɓi ɗaki ba abinci, ka shigo da guzurinka.

Babu ɗayan garuruwan da za ka dogara da shi wajen naman halal, don haka daga Tokyo ake shiri. Mai zuwa Hakone ya yi sa'a: babban masallacin Tokyo Camii, wanda Turkiyya ta sake ginawa a 2000, yana kusa da tashar Yoyogi-Uehara a kan layin Odakyu ɗin nan dai, kuma yana da shagon kayan halal. Jiragen gama-gari ne ke tsayawa a nan, ba Romancecar ba. Unguwar Shin-Okubo da ke gefen Shinjuku ma cike take da irin waɗannan shaguna. Mai zuwa Kusatsu ta Ueno zai sami masallaci da gidajen abincin halal a Okachimachi. Yaji da garin kunu su shiga jaka daga gida, amma ban da kilishi da dambun nama: Japan ta hana shigo da nama, akwai karnuka masu shinshina a filin jirgi, tarar kuma mai nauyi ce. Wajen sallah, ɗakin ryokan ya fi na otal daɗi, don ba a shiga da takalmi. Sai dai a tuna, alƙibla a can ba gabas take ba, yamma ce ta ɗan karkata arewa.

Lokaci, cunkoso da aljihu

Hakone na karɓar baƙi kusan miliyan 20 a shekara, Kusatsu kuwa tsakanin miliyan uku da huɗu. Ranakun Asabar da Lahadi, musamman a Nuwamba da ganye ke yin ja, za ka iya shafe awa guda a layin akwatunan igiya, bas kuma ya maƙale a kan hanyar komawa Yumoto. A guji makon hutun ƙarshen Afrilu zuwa 5 ga Mayu, da tsakiyar Agusta, da sabuwar shekara, a duk garuruwan biyu. A Hakone a ƙara da 2 da 3 ga Janairu, ranakun tseren miƙa ɗamara na jami'o'i da ake yi tun 1920 daga Tokyo zuwa tafkin Ashi, don ana rufe hanyoyi. Talata zuwa Alhamis ta fi arha, ta fi kwanciyar hankali.

Da bazara, lokacin da Tokyo ke dahuwa da gumi, Kusatsu na da sanyi, matsakaicin zafinta a Agusta kusan digiri 20 ne. Da hunturu kuwa tana sauka ƙasa da sifiri, dusar ƙanƙara ta rufe gari. Wanda bai taɓa ganin dusar ƙanƙara ba kuma yana so, Kusatsu a Janairu ko Fabrairu kusan tabbas ce, a Hakone sai an dace. Amma ya sayi takalmi mai kama ƙasa, titunan gangare ne kuma suna santsi.

Batun kuɗi, Hakone ta fi tsadar kwana in aka kwatanta masauki da irinsa, sai dai tana da tikitin Hakone Freepass na kwana biyu ko uku da ya haɗa jirgin dutse, akwatunan igiya, jirgin ruwa da bas; Romancecar ce kawai ake ƙara wa kuɗin kujera. Tikitin JR Pass, wanda baƙi ke saya don hawa jiragen ƙasa na kamfanin JR, ba ya aiki a waɗannan, iyakarsa Odawara. A Kusatsu kuɗin hanya ya fi yawa, amma da ka isa ƙafarka ce motarka. A duka biyun ana ƙara harajin wanka ɗan kaɗan a kan kuɗin masauki, kuma a riƙe tsabar kuɗi don ƙananan shaguna.

Ni dai a ganina, wanda wannan ne zuwansa na farko, kwanakinsa ƙidayayyu, ga iyali ko tsofaffi, ga kuma Kyoto a gabansa, ya tafi Hakone. Ya kwana ɗaya a Gora ko Sengokuhara, ba a Yumoto ba, don ya riga masu zuwa daga Tokyo hawa akwatunan igiya da safe, ya ba da jakarsa a tashar Yumoto a kai masa masauki. Ko da ya ƙare bai shiga ruwa ba sai ƙafa, tafiyarsa ba ta faɗi ba. Kusatsu ta wanda ya riga ya san Tokyo ce, ko ɗalibi da ma'aikacin da ke zaune a Japan, mai son ya zauna wuri ɗaya ya huta, ko mai neman dusar ƙanƙara. Shi ya ware kwana biyu, don kwana ɗaya hanya ce za ta cinye, kuma kada ya biya ko sisi sai masaukin ya tabbatar masa a rubuce cewa akwai kashikiri, da ƙarfe nawa za a ba shi, da kuma ko sai an kama tun kafin zuwa.